Sunan Yanka da Laƙabi: Abin da Sunayen Tsofaffin Littattafai Ke Faɗa

Ran wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a nan Garwa, na tsaya wurin wani dattijo da ke baza littattafai a kan tabarma, irin masu rawayar takardar nan da ake kawowa daga Kano ta hanyar Yola. Ina cikin dubawa sai ga wani yaro ɗan makarantar zaure, kuɗinsa a dunƙule a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Malam ya ce in sayo Askari." Dattijon ya zaro wani ɗan siririn littafi, ya kaɗe ƙura ya miƙa masa. Yaron ya bi rubutun bangon da yatsa, ya ɗago kai ya ce, "Baba, ba shi ba ne. Wannan Irshadu aka rubuta." Dattijon ya kama yatsan yaron ya gangara da shi ƙasa, inda sunan mawallafin yake. "Shi ne, ɗana. Askari sunan da muke kiransa da shi ne. Wannan na sama kuwa sunan yanka."

Na sha jin malamai na bayani a kan sunayen littattafai, amma ban taɓa jin wanda ya taƙaice zancen kamar dattijon nan ba. Tsohon littafi kamar mutum yake. Akwai sunan da mai shi ya raɗa masa da niyya da addu'a, akwai kuma wanda jama'a suka laƙaba masa bayan sun zauna da shi. Kowanne da labarin da yake bayarwa, kuma ba labari ɗaya ba ne.

Mu ɗauki littafin da ke hannun yaron. Wani malamin Bagadaza ne ya rubuta shi, Ibnu Askar, wanda ya rasu a shekara ta 732 bayan Hijira. Sunan da ya sa masa shi ne Irshadus Salik ila Ashrafil Masalik fi Fiƙhil Imami Malik, wato shiryar da matafiyi zuwa mafi ɗaukakar hanyoyi a fiƙihun Imamu Malik. Ka faɗe shi da ƙarfi ka ji: Salik, Masalik, Malik. Ƙafiya uku a jere. Ba ado kawai ba ne. A zamanin da littafi ke tafiya a bayan raƙumi, babu kanti, babu bango mai hoto, sunan littafi a baki yake yawo daga gari zuwa gari, kuma abin da ke da ƙafiya shi ne ke zama a kai. Ƙarnuka bayan haka wani malami Bakatsine, Abubakar ɗan Hasan Alkashnawi, ya yi wa littafin sharhi, ya sa masa suna Ashalul Madarik. Madarik ta je ta haɗu da Salik da Masalik da Malik. Tun kafin ka buɗe shi kunnenka ya gaya maka ɗan wane gida ne, kamar yadda jin Husaini ke sa ka tambayi ina Hasan.

Wanda ya taɓa riƙe littafin rubutun hannu ya san ba a bango ake samun suna ba. Sai ka wuce bisimilla, ka wuce godiya ga Allah da salati ga Annabi, ka wuce "amma ba'adu", mawallafi ya faɗi dalilin da ya sa ya ɗauki alƙalami, sannan ka ga kalmar "wa sammaituhu", wato "na sa masa suna". Sau da yawa mai kwafi yakan canza tawada a nan ya rubuta sunan da ja. Bayan sunan kuma addu'a ke biyowa, Allah ya sa a amfana da shi. Wannan fa raɗin suna ne sak, irin na safiyar bakwai: a yi huɗuba, a faɗi suna, a shafa fatiha.

Irin waɗannan sunaye galibi gida biyu ne. Kashin farko hoto ne, na biyu kuma shi ke faɗin fannin. Wanda na fi so a cikinsu shi ne sharhin Risala da kusan kowane zaure a Garwa da Marwa da Ngaundere yake da shi, wanda muke ce wa Samaruddani. Cikakken sunansa Assamarud Dani fi Taƙribil Ma'ani, sharhin Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani. Dani, Ma'ani, Ƙairawani. Ma'anarsa 'ya'yan itacen da suka sunkuyo kusa da ƙasa. Duk wanda ya yi yarinta a ƙarƙashin mangwaro a bakin Binuwai ya san bambancin wanda sai an hau ko an yi jifa, da wanda reshe ya kawo maka har hannu. Mai sharhin alkawari ya ɗauka a cikin sunan: ba zan wahalar da kai ba, na janyo maka reshen. Kuma da wannan alkawarin ya kamata a auna shi. Wanda ya zargi Samaruddani da rashin zurfafa bincike bai karanta sunansa ba, don mai shi bai ce zai kai ka ƙololuwar itacen ba.

Malaman Sakkwato, waɗanda tutarsu ce Modibbo Adama ya kawo wannan yankin namu, sun gwanance a wannan fanni, kuma ana gane halin kowannensu daga sunayen da yake zaɓa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa wa babban littafinsa Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a. Mukan fassara shi da raya sunna da kashe bidi'a, amma ikhmad a Larabci kashe wuta ne musamman. Ke nan a idon Shehu sunna abu ne da ya suma ana son farfaɗo da shi, bidi'a kuwa gobara ce da ta kama gari. Kalma biyu sun ba ka taswirar yadda yake kallon zamaninsa. Ƙaninsa Abdullahi na Gwandu shi kuma haske ya riƙe: Diya'ul Hukkam, Diya'us Sultan, Diya'us Siyasat, da tafsirinsa Diya'ut Ta'awil fi Ma'anit Tanzil. Mutum ne da ya ga masu mulki na lalube cikin duhu, ya ɗauki aikinsa a matsayin riƙe musu fitila. Sai Muhammadu Bello, wanda ya rubuta tarihin jihadi a 1812, har da wasiƙun da suka yi ta musaya da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙin. Littafi ne da har yau masu tarihin ƙasashen nan ba sa iya wuce shi, amma ga sunan da ya ba shi: Infaƙul Maisuri fi Tarikhi Biladit Takruri, ciyar da ɗan abin da ya sawwaƙa. Kamar mai gidan da ya yanka wa baƙo rago, ya kawo akushi yana cewa a yi haƙuri da ɗan abin da aka samu. Tawali'u ne, amma kuma gargaɗi ne na mai gaskiya: abin da ya iso gare ni na ba ku, ban ce shi ke nan ba.

To, ina laƙabi ya shigo? Bakin almajiri ba ya ɗaukar dogon suna kullum safiya. Sai ya yanke, kuma inda ya yanke yana nuna abin da ya fi damunsa. Mafi yawa sunan mai littafin ake kamawa, domin a zaure ana tambayar wa ya faɗa kafin a tambayi me aka faɗa. Haka Al'akhdari na Aljeriya ya zama Ahalari, Al'ashmawi ya zama Ishmawi, Ibnu Askar ya zama Askari, har yaro ya ce ya sauke Ahalari bai san sunan mutum yake kira ba. Wani lokaci lissafi ake kamawa. Waƙoƙin yabon Annabi na Alfazazi, mutumin Andalus, sunansu Alwasa'ilul Mutaƙabbala, amma da yake kowane harafi baiti ashirin aka yi masa, sai suka zama Ishiriniya. Nahawun Ibnu Malik sunansa Alkhulasa, amma da yake baitocinsa sun kai dubu, jama'a suka fi saninsa da Alfiyya. Waƙa kuma akan kira ta da harafin ƙafiyarta, kamar Daliyyar Shehu, ko da amshinta, kamar Tabban Haƙiƙan da Shehu ya yi da Fulatanci daga baya aka mayar da ita Hausa.

Akwai inda laƙabin ya fi sunan yanka daɗi, ba na musun wannan. Busiri ya sa wa ƙasidarsa Alkawakibud Durriyya fi Madhi Khairil Bariyya, taurari masu ƙyalli wajen yabon fiyayyen halitta. Suna ne mai kyau. Amma labarin da ya bi ƙasidar shi ne cewa mawaƙin yana fama da shanyewar jiki, ya yi mafarki Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka da lafiya. Jama'a suka bar taurari a sama suka kama mayafin, suka ce Burda. Mawaƙi ya sa suna daga abin da ya yi niyyar yi, mutane kuma suka sa nasu daga abin da suke fata in sun karanta. Shi ya sa ake karanta ta a kan marar lafiya.

Amma akwai inda yankewar ke jawo asara, kuma nan ne abin ya fi damuna. Kowa na cewa Sahihul Bukhari. Cikakken sunan da Imamu Bukhari ya sa ya fara ne da Aljami'ul Musnadus Sahihul Mukhtasar. Kalma ta huɗun nan, Mukhtasar, tana nufin taƙaitacce. Mai littafin da bakinsa ya ce zaɓowa ya yi, bai tattara dukkan ingantattun hadisai ba. Sau nawa ka ji matasa na gardama a majalisa, wani ya ce ai tunda babu shi a Bukhari bai inganta ba? Amsar gardamar tana cikin rabin sunan da muka yar. Haka Ashafa da ake karantawa da azumi. Sunan da Alƙali Iyad ya sa shi ne Asshifa bi Ta'arifi Huƙuƙil Musɗafa, waraka ta hanyar sanin haƙƙoƙin zaɓaɓɓe. Harshenmu ya lanƙwasa Shifa ta koma Ashafa, ma'anar ta ɓuya. Mutum zai yi shekara ashirin yana zuwa karatun bai san an gaya masa tun a ƙofa cewa magani aka kira shi ya sha ba.

Da aka zo zamanin boko, Bahaushe bai ɗauko ƙafiyar Larabawa ba, sai ya koma rumbunsa. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka samu littattafai biyar da ake lissafawa a matsayin tushe: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Abin da ƙafiya ta yi wa Balarabe, shi karin magana ya yi wa Bahaushe, har ya ɗara. Domin karin magana rabi ake faɗa, mai ji ya ƙarasa. In tsohuwa ta dubi yaro mai taurin kai ta ce "jiki magayi", ba ta buƙatar ƙari, ya san abin da kunne ya ƙi ji jiki zai gaya masa. Wanda ya ɗauki littafin da ke ɗauke da wannan suna ya riga ya san wani zai ɗanɗana kuɗarsa. Labarin mai kuɗi ne da ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya rantse sai ya rama, ramuwar ta bi ta kan ɗan da aka haifa. Kana karatu sunan na bin ka da tambaya: jikin wa zai faɗa? A ƙarshe sai ka ga babu wanda ya tsira, har mai ramuwar.

Magana Jari Ce, wanda Imam ya fitar cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, ya fi kowanne nuna yadda suna ke riƙe littafi. Labarai ne barkatai daga ƙasashe daban-daban, da ba don sunan ba da sai a ce tarin tatsuniyoyi ne. Amma wa ke ba da su? Aku, tsuntsun da ba shi da gona, ba shi da takobi, ba shi da dangi a fada, sai baki. Da baki ya tsare ɗan sarki daga faɗawa tarkon maƙiya, da baki ya zama waziri. Kowane labari riba ce da jarin ya jawo. Ka lura ma da 'yar kalmar ƙarshe. Jari namiji ne, da shi ake nufi da sai a ce "ne". Aka ce "ce", domin nauyin zancen a kan magana yake, ita ce uwar gida a jimlar. A Janairun 1939 kuma aka fara buga jaridar da Imam ya yi wa edita, Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo guda: farashi da kirari a numfashi ɗaya.

Ruwan Bagaja shi tafiyarsa ta sha bamban. Sauran sun ɗauko daga bakin mutane sun kai takarda, shi kuwa takarda ce ta yaɗa shi a bakin mutane. A labarin, ruwa ne da ake nema don warkar da ɗan sarki, sai an ƙetare ƙasashe an sha wuya kafin a kai gare shi. Yau in fetur ya yi wuya, ko takardar da kake jira a ofis ta ƙi fitowa, sai ka ji an ce abin ya zama ruwan Bagaja, daga bakin wanda bai taɓa ganin bangon littafin ba.

Marubutan baya sun bi sawu. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, a kan ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa, yana jiran ka tuna da kallon kitse da ake wa rogo. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu yana jiran ka ƙarasa da cewa ubangidansa yakan bi. A nan ne mu Hausawan Kamaru muke da wani aiki da ba lalle na Kano ya ji nauyinsa kamar mu ba. 'Ya'yanmu da Fulatanci suke ciniki a kasuwa, da Faransanci suke karatu a aji, Hausa ta tsakar gida ce. Na ba wata 'yar yayata, mai shekara goma sha biyar, Kitsen Rogo. Ta juya shi ta ce, "Kawu, rogo yana da kitse ne?" Tambayarta daidai ce, ita ce ma tambayar da marubucin ke so a yi. Sai dai rabin da zai ba ta amsa, wanda ya kamata ta tsinta a bakin kaka tana tuƙa tuwo, bai iso gare ta ba. Na zauna na ɓare mata ɗanyen rogo, ta ga farinsa tas kamar kitsen rago, sannan na ce ta gatsa.

Akwai kuma sunayen da mutum kawai suke ambata, kuma su ma ba banza ba. Dubi Shaihu Umar. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun masu fataucin bayi, ya ƙetare Sahara, uwarsa ta bi sawunsa tana nema. Da marubucin ya so ya riƙe ka da fargaba, da Umar kawai zai ce. Sai ya ɗora masa Shaihu tun a bango. Ka san yaron zai rayu, ka san zai zama malami. Abin da ya rage maka ka nema shi ne ta yaya, da kuma abin da aka biya a hanya, wanda mafi tsadarsa uwar ce ta biya. Ka ajiye wannan kusa da littafin da yawancinmu da muka yi boko a ƙasar nan muka sani, Une vie de boy na Ferdinand Oyono, na 1956. Yaron ciki yana da suna, Toundi, amma bangon bai ambace shi ba. Rayuwar boyi kawai aka ce, wani boyi, ko wanne. Littafi ɗaya ya ba bawa suna da rawani, ɗayan ya cire wa ɗa suna ya bar shi da aikin da Bature ke kiransa da shi. Tun daga nan ka san wanne zai ƙare da karantarwa a zaure, wanne zai ƙare da mutuwa a gudun hijira.

Wanda ke shakkar cewa suna na iya juya littafi gaba ɗaya, ga misali a ƙofar gidanmu, ko da yake ba tsohon littafi ba ne. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta fitar da labarin mata uku da auren dole da zaman kishi a Yawunde a 2017, da suna Munyal, les larmes de la patience. Munyal da Fulatanci shi ne haƙuri, kalmar da ake cika kunnen amarya da ita ranar da za a kai ta, kamar yadda gwaggo ke cewa a namu gidajen, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, zaman aure sai haƙuri." A 2020 aka sake fitar da shi a Faransa, bayan gyare-gyare, da suna Les Impatientes, wato marasa haƙuri, har ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a wannan shekarar. Sunan farko kalmar iyaye ce, da harshen gida, kuma duk macen da ta ji shi a Marwa ko Garwa ta san muryar da ke faɗinsa. Na biyu ya tsaya a bayan 'ya'yan, ya ba su sunan da iyayen za su kira su da shi cikin fushi. A ganina na farko ya fi ciwo, domin ya bar mai karatu ya gano da kansa inda haƙuri ya daina zama ibada ya koma sarƙa. Na biyu ya riga ya yanke hukunci kafin a buɗe shafi. Amma na fahimci dalilinsa: Bafaranshe ba shi da gwaggon da za ta ƙarasa masa munyal.

A gidanmu akwai wani littafin rubutun hannu da kakanmu ya zo da shi lokacin da ya sauka Garwa da fatauci. Gara ta cinye takardun farko, har da inda "wa sammaituhu" take. Muna yara ba mu san shi da wani suna ba sai Mai Jar Gafaka. In za a share ɗaki sai Inna ta ce a ɗauke Mai Jar Gafaka a ɗora a sama, kada a taɓa shi ba alwala. Bayan rasuwar mahaifinmu na kwance igiyar na kai wa wani tsohon malami a unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ko za a duba mana wannan?" Ya sa tabarau, ya ɗaga takarda biyu, leɓɓansa na motsi, ya ci gaba da karanta layin da ke gaba bai duba ba. Ya ce, "Iziyya ce." Ya aika aka kawo masa tawada da farar takarda, ya yanke ta daidai girman sauran, ya rubuta da hannunsa: Almuƙaddimatul Izziyya lil Jama'atil Azhariyya. Ya jira ta bushe, ya ɗora ta a sama, ya mayar da tadarishi ya ɗaure.

Da na dawo gida na karanta wa Inna sunan, ta sa na maimaita mata sau biyu, ta ce Allah ya jiƙan mai shi da wanda ya kwafa. Sannan ta ce in mayar da Mai Jar Gafaka wurinsa kafin yara su shigo.